Tun Ran Gini Ran Zane: Matakan Farko na Koyon Zanen Gine-gine da Kwamfuta, da Misalai daga Basawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Basawa a 'yan shekarun nan, ko ya zaga ta Hayin Dogo da Bomo da Palladan, zai ga yadda gonakin da aka sani da dawa da masara suka koma fuloti-fuloti, an kafa duwatsun iyaka, an jibge yashi da bulo. Ba abin mamaki ba ne, domin yankin yana ɗauke da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da barikin soja, da cibiyoyin bincike irin su NITT da NARICT, kuma duk mai aiki a waɗannan wurare yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Yawancin waɗannan gidaje, kafin a haƙa harsashinsu, sai an zana su a takarda. A da, da fensir da rula ake wannan aiki a kan allon zane. A yau kuwa kusan kowace taswirar gini daga kwamfuta take fitowa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a shimfiɗa wa ɗan koyo matakan farko na wannan fasaha, ko shi ɗalibin zanen gine-gine ne, ko na tsara birane, ko na safiyo. Za mu fara da taƙaitaccen tarihi, sannan mu kawo ƙa'idoji uku waɗanda komai ya dogara a kansu, daga nan mu yi darasi biyu na aiki: ɗaya a kan sabon fuloti, ɗaya a kan tsohon zaure na ƙasa. Ra'ayin da za mu kare shi ne, kwamfuta abin da mai ita ya auna ya sani take zanawa, saboda haka wanda ke son ya ƙware ya fara da auna gidan da yake iya shiga da ƙafarsa.

2.0 Asalin Fasahar

A shekarar 1963 wani ɗalibin digiri na uku mai suna Ivan Sutherland, a cibiyar MIT ta Amurka, ya ƙirƙiro manhajar Sketchpad, wadda ta ba mutum damar ya ja layi a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai aiki da haske. Sai dai kwamfutocin wancan zamani ɗaki guda suke cikawa, kuma manyan cibiyoyi da manyan kamfanoni, irin na ƙera motoci da jiragen sama, ne ke iya sayensu. Al'amarin ya sake ne a watan Disamba na 1982, sa'ad da kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfuta ta tebur. A cikin shekarun 1980 ɗin nan ne kuma kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya fito da ArchiCAD. Revit da SketchUp duka a shekarar 2000 suka bayyana. Autodesk ya sayi ta farkon a 2002, ta biyun kuwa Google ya saya a 2006, ya sayar wa Trimble a 2012.

A nan gida, koyar da zanen gine-gine ya girmi kwamfutar tebur nesa ba kusa ba. An fara shi a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai sashen ya zama nata. Shi ne mafi daɗewa a irinsa a ƙasar nan. Ashe ke nan ɗalibin da ke zaune gaban kwamfuta a Samaru yau, ya gaji aikin da aka shekara fiye da talatin ana yi da hannu kafin na'urar ta zo, kuma ƙa'idojin aikin ba su sake ba. Kayan aiki ne suka sake.

Manhajojin nan iri uku ne a taƙaice. Akwai masu zana layi a shimfiɗe kamar yadda ake yi a takarda, irin su AutoCAD da LibreCAD. Akwai masu gina siffa mai tsawo da faɗi da tsayi wadda za a iya juyawa a kalle ta ta kowane ɓangare, kamar SketchUp. Akwai kuma waɗanda bango a cikinsu ya san shi bango ne, ya san kaurinsa da abin da aka gina shi da shi, har a iya ƙirga bulon da zai ci, wato Revit da ArchiCAD. Misalan da za mu kawo na AutoCAD ne, domin ita ce aka fi farawa da ita, kuma wanda ya iya ta ba zai sha wuyar sauran ba.

3.0 Ƙa'idoji Uku Kafin a Ja Layin Farko

3.1 Awo na Gaskiya

Babban abin da ya raba zanen takarda da na kwamfuta shi ne wannan. Mai zane a takarda dole ya ƙanƙanta abu tun daga farko, domin bango mai mita 4 ba zai shiga takarda ba. Sai ya ce santimita 1 ta tsaya a madadin mita 1, wato ma'aunin 1:100. A kwamfuta ba a yin haka. Filin zanen ba shi da iyaka, saboda haka bango mai mita 4 sai a zana shi da tsawonsa na gaskiya, a rubuta 4000, domin da milimita ake zanen gini. Sai ranar da za a buga a takarda ne ake zaɓen ma'auni. Mai koyo da ya fara ƙanƙanta awo da kansa kafin ya shigar, zai ga duk lissafin da na'urar ta yi masa daga baya, na faɗin ɗaki ko na yawan kaya, ya fito a karkace.

Aikin farko ke nan idan an buɗe sabon shafi: a rubuta UN, a tabbatar cewa an sa milimita, ba inci ba. Wannan ya zama wajibi a wurinmu musamman, domin ko da yake Nijeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, har gobe dillalin fili da ƙafa yake magana, mai bulo da inci, tsohon magini kuwa da taki da kamu da gaba.

3.2 Lambobin Matsayi da Kusurwa

Kowane ɗigo a filin zanen yana da lambobi biyu da ke nuna matsayinsa, bisa tsarin da masanin lissafi René Descartes na Faransa ya bayyana a 1637. Ta farko tana faɗin nisansa zuwa dama daga mafari, ta biyu nisansa zuwa sama. Mafarin shi ne 0,0. Idan aka rubuta L, wato umarnin jan layi, aka ba da 0,0, sannan aka rubuta @3600,0, to an ce wa na'urar ta tashi daga inda take ta yi milimita 3,600 zuwa dama ba tare da ta hau ko ta sauka ba. Alamar @ ma'anarta "daga inda nake yanzu".

Wajen kusurwa akwai tarko. Safiyo da mai riƙe da kamfas daga arewa suke fara ƙirga digiri, su bi yadda hannun agogo ke tafiya. AutoCAD kuwa, in ba a sake mata tsari ba, daga gabas take farawa, ta bi saɓanin hannun agogo. Alal misali, alƙibla daga Zariya tana wajen digiri 67 daga arewa zuwa gabas. Wanda zai zana masallacin unguwa, idan arewa tana saman shafinsa, sai ya cire 67 daga 90, ya ba na'urar 23, kamar haka: @5000<23. Idan ya shigar da 67 kai tsaye, ya karkatar da sahu da digiri 44, kuma zanen zai fito tsaf babu alamar kuskure a jikinsa.

3.3 Fallaye

Masu zane na da sukan ɗora takardu masu shara-shara a kan juna: bango a wannan falle, wayar lantarki a wancan, bututun ruwa a na uku. Manhajar ta riƙe wannan dabara, kuma da LA ake buɗe ta. Ya kamata tun ranar farko ɗan koyo ya buɗe falle na iyakar fili, da na bango, da na ƙofofi da tagogi, da na awo, da na rubutu, ya ba kowanne launinsa da kaurin layinsa. Amfaninsu yana bayyana ne ranar da mai aikin famfo ya zo neman nasa zanen: sai a kashe fallayen da ba ruwansa da su, a buga masa abin da ya shafe shi. Wanda ya tara komai a falle guda, ranar gyara sai ya bi layi ɗaiɗai yana tsinta, kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

4.0 Darasi na Farko: Sabon Fuloti

Mu ƙaddara wani malamin makaranta ya sayi fili a bayan Basawa, irin wanda dillalai ke kira hamsin da ɗari, wato ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo. Ƙafa 1 milimita 304.8 ce. Saboda haka faɗin filin 15,240 ne, tsawonsa 30,480. A rubuta REC, a ba da 0,0, sannan @15240,30480. Fili ya fito. A rubuta AA a zagaye shi, lissafin zai ba da kimanin murabba'in mita 464.5.

A nan ya kamata mu dakata. Mutane da yawa, don sauƙin baki, sukan ce hamsin da ɗari daidai yake da mita 15 da mita 30. Wannan ya ba da murabba'in mita 450. Bambancin, wato 14.5, ya kai girman ɗakin kwana guda mai mita 3.6 da mita 4. Idan aka yanka fuloti ashirin a jere da wannan sakaci, kowa ya ja katangarsa bisa awon da ya fi masa daɗi, to na ƙarshen layi ko hanyar unguwa ce za ta biya bashin. Rigingimun iyaka da ke kai maƙwabta gaban mai unguwa da alƙali, sau da yawa daga irin wannan ɗan taki suke farawa. Na'urar kuwa ba ta san "kusan" ba. Abin da aka ba ta shi take riƙewa, kuma wannan shi ne alherinta ga mai gaskiya.

Fili na gaske ba safai yake zama mai kusurwa huɗu daidai ba. Abin dogara shi ne takardar safiyo, wadda ke ɗauke da lambobin kowane dutsen iyaka. Zariya tana cikin shiyya ta 32 ta tsarin UTM, inda lambar gabas take wajen 350,000, ta arewa kuwa ta haura 1,200,000. A lura da abu uku. Waɗannan lambobi da mita suke, ba milimita ba. Na'urar ta gabas take so a fara ba ta, alhali wasu takardu ta arewa suke fara rubutawa. Sannan tsofaffin takardun ƙasar nan bisa ma'aunin Minna aka yi su, wayar hannu kuwa da WGS 84 take aiki, kuma tazarar da ke tsakanin biyun a ƙasa ta fi tsawon fuloti guda. Wanda ya gauraya su zai iya dasa gidan mutum a cikin filin maƙwabcinsa.

Da an gama iyaka sai katanga. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne, mai inci 6 kuwa 150. A rubuta O, a ba da 225, a taɓa layin iyaka, a nuna cikin fili. Nan take layi na biyu zai bayyana a gefen na farko. Da wannan umarni ake fitar da kaurin kowane bango, da shi kuma ake ja da gini baya daga titi da maƙwabta gwargwadon abin da dokar tsara gari ta tanada. Wurin ƙofa, a ja gajerun layuka biyu masu tazarar 900, a rubuta TR a datse abin da ke tsakaninsu. Ƙofar kanta sau ɗaya ake zana ta, a ɗaure ta da umarnin B ta zama dunƙule mai suna, a riƙa ɗauko ta duk inda ake bukata. Umarnin nan shida ko bakwai sun isa a zana taswirar gida sukutum. A riƙa danna F8 don layi ya miƙe sak, da F3 don bakin layi ya kama bakin ɗan'uwansa, domin layukan da ido ke gani kamar sun haɗu, in an matso kusa sau da yawa akwai rata a tsakaninsu.

To, yaya za a tsara cikin gidan? A nan ne sanin mai zane yake shigowa. Gidan Bahaushe yana da matakai daga waje zuwa ciki: zaure a bakin titi inda maigida ke ganawa da baƙi, sai ƙofar gida inda ɗakin samari yake, sai shigifa, sannan cikin gida. Magina na da ba sa sa ƙofar shiga zaure ta fuskanci ta fita, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Ɗan koyo zai iya jarraba wannan a zanensa cikin minti guda: ya ja layi daga tsakiyar titi ya ratsa ta ƙofar waje, ya riƙa karkata shi dama da hagu. Muddin layin ya isa inda mata ke girki ba tare da ya ci karo da bango ba, sai a matsar da ƙofa.

Haka nan batun rijiya da masai. Masana kiwon lafiya sukan ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakaninsu. A rubuta C, a sa tsakiyar da'ira a bakin rijiya, a ba da 30000. Za a ga da'irar ta haɗiye kusan dukan fulotin, ta kuma shiga gidajen maƙwabta ta kowane gefe. Wannan da'ira guda ta isa ta koya wa ɗalibi dalilin da ya sa tsara unguwa ya wuce aikin gida ɗaya, da dalilin da ya sa mai zane ke bukatar ya san abin da ke bayan katanga.

Daga ƙarshe sai bugawa. A ma'aunin 1:100 tsawon fulotin nan zai zama milimita 305 a takarda. Takardar A4 tsawonta 297 ne, saboda haka ba zai shiga ba. Sai A3, mai 420 da 297, ko kuwa a koma 1:200. Kada a yarda mai shagon buga takardu ya matse zanen don ya shiga shafi, domin da zarar ya yi haka, rular da magini zai ɗora a kai ƙarya za ta faɗa masa.

5.0 Darasi na Biyu: Tsohon Zaure

Darasin farko ya koyar da hannu. Wannan na biyu ido yake koyarwa. A nemi izinin wani dattijo a tsohon garin Basawa ko Bomo, ko a cikin birnin Zazzau, wanda har yanzu zaurensa na ƙasa ne. A tafi mutum uku: biyu su riƙe tef, ɗaya ya riƙe littafi da fensir. Kafin a auna komai, a zana siffar ɗakin da hannu a littafi, a sa wa kowace kusurwa harafi.

Abu na farko da za a tarar shi ne, ginin tubali ba ya bin rula. Bango yana da kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kusurwoyi a lanƙwashe suke. Bango biyu masu fuskantar juna da wuya tsawonsu ya zo ɗaya. Saboda haka duk awon taswira a tsayi guda za a ɗauke shi, kamar mita 1 daga daɓe, a kuma rubuta hakan a jikin zanen. Umarnin REC ba shi da amfani a nan. Dabarar ita ce a raba ɗakin zuwa siffofi masu kusurwa uku, wato bayan an auna bango huɗu, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta tsakiyar ɗaki, sau biyu.

Ga misali. Bangon A zuwa B ya ba da 4,000, na B zuwa C ya ba da 3,000. Da kusurwar B daidai take, da awon A zuwa C zai zama 5,000, bisa ƙa'idar uku, huɗu, biyar wadda magina ke amfani da ita wajen kafa harsashi. Amma tef ya nuna 5,120. A kwamfuta sai a ja layin A zuwa B. A kafa da'ira a kan B mai 3,000, a kafa wata a kan A mai 5,120. Inda da'irorin biyu suka gitta juna, nan ne C. Idan aka tambayi na'urar, za ta ce kusurwar ta kusa digiri 93. Haka za a yi a samo D. Awon gicciye na biyu shi ne shaida: in bai yi daidai da abin da zanen ya bayar ba, akwai kuskure a littafi, sai a koma zauren. Jarabar da ke kama kowane sabon hannu ita ce ya mayar da 93 ta zama 90 don zanen ya yi kyau. Wanda ya yi haka ya zana wani ɗaki dabam, ba wanda ya auna ba.

Sai a ɗaga kai a dubi rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. Wannan iyaka ce ta haifar da bakan gizo, inda ake jera azara hawa-hawa daga bango biyu, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Lanƙwasar bakan gizo ba rabin da'ira ba ce irin ta littafin lissafi. Don a zana ta, a ɗaure igiya a miƙe daga gindin baka zuwa ɗaya gindin, a auna tsayi daga igiyar zuwa cikin bakan a kowane milimita 300, a shigar da ɗigogin, sannan a haɗa su da umarnin SPL, mai jan layi lanƙwasasshe ta kan ɗigogi. Daga waje kuma a auna zankwaye da indararo da dakali, a ɗauki hoton adon bango, irin su dagi, a miƙe daga gaba don a bi sawunsa daga baya. A buɗe wa waɗannan fallaye nasu, a kira su da sunayen da magina ke kiransu.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin wahala a kan ginin da mai shi ma ke shirin rushewa ya sa bulo? Amsar tana cikin birnin Zazzau. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, masana sun ɗauke shi a cikin mafi ƙwarewar ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. Zbigniew Dmochowski, wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, shi da mataimakansa 'yan Nijeriya sun auna shi da tef, tare da gine-gine masu yawa a faɗin ƙasar nan. An gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, littafin Dmochowski mai juzu'i uku kuma ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na rufin masallacin ya rufto ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Irin wannan rana ce ke nuna darajar awon da aka ɗauka tun gini yana tsaye. Masallacin ya sami masu auna shi saboda sunansa. Zaurukan talakawa da ke faɗuwa kowace damina, in ɗaliban Samaru ba su auna su ba, babu wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi.

6.0 Abin da Manhaja Ba Ta Zo da Shi Ba

Kowace manhaja tana zuwa da rumbun kayan da aka riga aka zana: kujeru, bahon wanka, murhun ɗumama ɗaki, manyan tagogin gilashi. Ba za ka sami rumbun hatsi a ciki ba, balle turken awaki ko wurin turmi. Ɗalibin da ya saba ɗaukowa daga wannan rumbu yana liƙawa, a hankali sai ya fara tsara gida don kayan da ke cikin na'ura, ba don iyalin da za su zauna ba. Sakamakon ana ganinsa a sababbin unguwanni: gini ya cinye fili har bakin katanga, babu tsakar gida, uwargida ta koma hura gawayi a lungun da ke tsakanin bango da katanga, baƙon maigida kuwa sai ya ratsa ta gaban iyali kafin ya zauna. Maganin abin shi ne kowane ɗalibi ya tara nasa rumbun daga abin da ya auna da hannunsa.

Haka kuma manhaja ba ta san sararin samaniyar Zariya ba sai an gaya mata. Garin yana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take ratsawa da tsakar rana, sauran watanni kuwa ta kudu. Bangon yamma shi ke shan zafin la'asar a bazara. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma galibi daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi saurin zaizayewa. SketchUp tana iya nuna inuwar gini a kowace sa'a ta kowace rana, amma sai an sa mata wurin da ginin yake. Wanda ya manta, inuwar wata ƙasa zai gani ya yi murna.

7.0 Shawarwari ga Mai Farawa

Rashin kuɗin sayen manhaja ba hujja ba ce. Autodesk yana ba ɗaliban da suka tabbatar da ɗalibtarsu lasisin shekara guda kyauta, ana kuma sabuntawa. LibreCAD da FreeCAD da QGIS kuwa kyauta suke ga kowa. Wannan ya fi kwafin sata da ake yawo da shi, wanda kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta. A sayi linzami mai ɗan gare a tsakiya, domin da shi ake matsowa da nisantawa. Saboda halin wutar lantarki, a saba da adana aiki bayan kowane 'yan mintoci, a kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam, da kwanan wata a jikin sunansa. Sa'a guda kullum ta fi kwana biyu ba barci ana gobe miƙa aiki.

A kuma san iyaka. Iya manhaja bai mai da mutum masanin gine-gine ba, kamar yadda iya keken rubutu bai mai da shi marubuci ba. Tun 1969 doka ta kafa hukumar ARCON mai rajistar masu wannan sana'a. A Jihar Kaduna, KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA kuma ke duba taswira ta ba da izinin gini. Kaurin ginshiƙi da yawan rodin da bene zai ci, lissafin injiniya ne. Ɗalibin da ya karɓi kuɗi ya zana wa mutum bene don ya iya jan layi, da ran mutane yake wasa.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga inda zane da kwamfuta ya samo asali, mun kawo ƙa'idojin awo da matsayi da fallaye, mun kuma gwada su a kan sabon fuloti da tsohon zaure. Umarnin da muka ambata mako biyu ya isa a haddace su. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin dalilin da ya sa ƙofar zaure take inda take, da abin da milimita 240 ke jawowa tsakanin maƙwabta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kuskuren da aka kama a fuskar kwamfuta da danna maɓalli guda ake goge shi. Wanda ya kai ga siminti kuwa sai guduma, wani lokaci ma sai kotu. Saboda haka muna kira ga duk mai niyyar koyon wannan fasaha, a hutun da ke tafe ya ari tef, ya auna gidan da aka haife shi, ya zauna da maginin unguwarsu ya tambaye shi sunan kowane abu, sannan ya dawo ya kunna na'ura.